Injiniya Da Akwatunansa Bakwai

Wanda bai taɓa zama kusa da Injiniya ba bai san iyakar abin da kan ɗan Adam zai iya ɗauka ba. Allah ya ba bawan nan nasa ilimi har ya rasa inda zai zuba shi, shi ya sa yake zuba wa duk wanda tsautsayi ya haɗa su a layin banki ko a bencin mai aski. Gaskiya ne takardar ɗaukarsa aiki ta ce shi mataimakin mai kula da ɗakin fayil ne a wani kamfanin sufuri. Gaskiya ne kuma shekara goma sha tara ke nan yana mataimakin. To amma me takarda ta sani? Sunan Injiniya shi ya raɗa wa kansa, bayan wani kwas na mako biyu da kamfani ya tura shi saboda wanda aka zaɓa ya kwanta rashin lafiya. Ya dawo da takardar shaida, da jaka mai tambari, da sabuwar tafiya. A gaban idonsa abokan aiki Injiniya suke ce masa. In ya ba da baya, Sarkin Soket.

A gida mutum uku Allah ya yi wa baiwar zama ƙarƙashin wannan inuwa. Akwai matarsa, tela ce, da ɗakin ɗinkinta a cikin gidan, kuma yawancin aikinta ta waya yake zuwa: a turo hoton ɗinki, ta turo hoton yadi, a daidaita. Akwai 'yarsu da ke karatun aikin jinya, rabin darussanta ta intanet ake yi. Sai Inna, mahaifiyarsa, wadda ƙafa ta hana ta fita, kuma ba abin da take jira kullum kamar ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da autanta da ke aiki a wata ƙasa mai nisa yake kiranta ta ga fuskarsa.

Duk wannan wani ɗan farin akwati mai ƙaho biyu ne yake ɗauke da shi. Rauta ce, irin wadda masu kawo intanet suke ajiye wa kowa, tana raba wa wayoyin gida intanet ba tare da igiya ba. A kan firji take zaune, kusa da kwalbar man shafawar da ba wanda ya san mai ita. A bayanta an soka firinta mai buga takardu, an soka wani ɗan filashi da hotunan iyali suke ciki. Shekara uku tana nan ba wanda ya tuna da ita.

Laifinta ke nan. Tana aiki, ba ta taɓa neman shawarar Injiniya ba.

Wata ranar hutu ya tara iyalinsa a falo. Ya tsaya, su suna zaune, don magana irin tasa ba ta fita daidai a zaune.

“Ku dubi abin can,” in ji shi, yana nuna kan firji da biro. “Shi ne mai gadi, shi ne masinja, shi ne ma'aji, shi ne mai buga takarda. Wannan tsarin ƙananan mutane ne. A manyan wurare kowane aiki da na'urarsa. Ni da na ga yadda ake yi, ba zan zuba ido gidana ya dogara da abin da bai kai tafin hannuna ba. Gobe in ya mutu, da wane ido zan dubi mutane?”

Matarsa ta ce ai bai mutu ba. Ya dube ta da tausayi irin na likitan da majinyaci ya ce masa ya ji sauƙi, ya bayyana mata cewa rashin mutuwar ma ita ce babbar alamar haɗari.

Akwatunan suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu tsofaffin da wasu ofisoshi suka yar. Na farko mai gadi ne, shi ke tare ɓarayin intanet. Na biyu ma'ajin hotuna. Na uku aikinsa kawai hana talla fitowa. Na huɗu na firinta. Na biyar na kyamarori. Na shida shi ke watsa intanet ɗin zuwa ɗakuna. Na bakwai ba ya komai sai sa wa sauran shidan ido, yana rubuta lafiyarsu a wani allo. Kyamarori biyu ya saya: ɗaya tana kallon ƙofar gida, ɗaya tana kallon akwatunan.

Manyan baƙi irin waɗannan ba a ajiye su a kan firji. Injiniya ya zaga gidan da ma'aunin zafi a hannu, ya gano cewa ɗakin da ya fi kowanne sanyi da iska shi ne ɗakin ɗinki. Ya ce ba shi ya zaɓa ba, kimiyya ce ta zaɓa. Aka fitar da keken ɗinki da teburin yanka zuwa lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, inda in za a wuce sai telar ta tashi da almakashi a hannu. Kwastomominta mata suka koma yin awo a bayan labule. Shi kuma ya sa kwaɗo a tsohon ɗakinta, ya manna takarda a ƙofa: Ba A Shiga Sai Da Izini. Ita kuwa rauta ya rufe mata baki, ya bar ta a kan firji ba ta komai sai miƙa wa akwatunansa intanet ta wata doguwar igiya shuɗiya da ya bi bango da ita.

Daga ranar gidan ya shiga sahun manyan wurare.

Da, in Inna tana son ganin hoton jikokinta, 'yar ce take danna sau biyu hoto ya fito. Yanzu sai an sa suna, an sa lambar sirri mai harafi goma sha shida, an jira wata lambar ta iso wayar Injiniya, shi kuma yana ofis. Akwatin hana talla ya yi aikinsa da zuciya ɗaya, har ya hana hotunan ɗinkin da kwastomomi ke turowa, don a ganinsa sun yi kama da talla. Firinta ta daina karɓar umarni daga kowa sai ta hannun akwati na huɗu, akwati na huɗu kuma ba ya magana da kowa sai na farko ya yarda, na farkon kuwa bai yarda da kowa ba. Fankokin akwatunan suna kuka dare da rana ta cikin bango ɗaya da ɗakin Inna. Tsohuwa ta daina barcin rana. Ta tambayi surukarta ko injin niƙa aka kafa a gidan ba a gaya mata ba.

Da ƙorafi ya yi yawa, Injiniya ya nuna irin shugabancinsa. Ya buɗe wani shafi na musamman inda duk mai matsala zai rubuta, a ba shi lamba, a bi layi. Shafin ba ya buɗuwa sai intanet na aiki. A ƙarshen wata ya sanar da cewa ba a shigar da ƙorafi ko ɗaya ba.

Duk yamma in ya dawo, bayan ya ci abinci, sai ya shige ɗakin ya yi abin da yake kira gyaran yau da kullum. Ma'anarsa ita ce ya taɓa abin da ke aiki har ya daina. Inna ta yi mako guda tana ganin autanta rabi da rabi, baki a buɗe, fuska a daskare, murya na zuwa daga baya kamar daga cikin rijiya. Wata rana kiran ya ƙi shiga gaba ɗaya. Ta kife wayar a kan cinyarta, ta zauna tana kallon bango har aka kawo mata abincin yamma, ta ce ta ƙoshi.

Sai ranar jarrabawar 'yar. Jarrabawa ce ta intanet, awa ɗaya, in an fita ba a komawa. Ta roƙi mahaifinta tun kwana uku kafin ranar cewa kada ya taɓa komai. Ya yi alkawari, kuma ya cika, domin bai taɓa komai ba. Akwati na bakwai ne ya ga na farko ya yi zafi, ya kashe shi don lafiyarsa, daidai tana tambaya ta ashirin da biyu cikin sittin. Kafin ta juya zuwa intanet ɗin wayarta shafin ya rufe. Za ta sake kwas ɗin a zango mai zuwa.

Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Injiniya ya shiga ɗakinsa ya duba allo, ya fito fuska a sake.

“Ki gode wa Allah,” ya ce mata. “Da a kan tsohon tsari muke, da ba za mu taɓa sanin abin da ya faru ba. Yanzu kuwa ga shi a rubuce, har da minti da daƙiƙa.”

Matarsa tana tsaye a lungunta da tef ɗin awo a wuya. Ta juya ta ci gaba da aikinta. Wanda ya san ta ya san wannan ba haƙuri ba ne.

Bayan mako biyu kamfani ya tura shi wani reshe ya ƙirga tsofaffin fayiloli na kwana huɗu. Ya tafi da makullin ɗakin a aljihu, ya bar umarni shafi uku. A rana ta biyu wata kwastoma ta zo awo, wadda aikinta ke nan, haɗa wa shaguna da makarantu intanet. Telar tana auna mata kafaɗa tana ba ta labari. Matar ta yi dariya har tef ya zame. Ta ce ba laifi ba ne a raba aiki wa na'urori daban-daban, ita ma tana yi, amma a inda mutum ɗari suke aiki kuma akwai wanda ya san abin da yake yi. Gida mai waya huɗu da firinta ɗaya, ai ɗan akwatin kan firji ko gumi ba zai yi ba. Ta ce a ba ta allura.

Akwai wani ɗan rami a bayan rautar. Telar da kanta ta soka allurar ta danne, ta ƙirga goma kamar yadda aka ce mata. Fitilu suka mutu suka dawo. Cikin minti goma sha biyar kwastomar ta mayar da komai, aka jawo igiyar firinta daga falo aka soka ta a bayan rautar ta bayan firji inda ido ba ya kaiwa, aka mayar da tsohon filashin hotuna. Shuɗiyar igiyar kuwa matar ta ce a bar ta, akwatunan maigida su ci gaba da shan intanet suna ƙyafta fitilu, kowa ya zauna lafiya. Da aka zo sa wa sabuwar hanyar suna, telar ta yi ɗan tunani ta ce a rubuta Gidan Gaba.

Da yammar nan Inna ta yi awa guda da autanta, har ta ga ya yi sabuwar furfura ta yi masa faɗa.

Injiniya ya dawo ya tarar da gida shiru. Ba mai tare shi a ƙofa da waya a hannu. Ya yi gyaransa na yamma, ba wanda ya leƙo. Ya kashe wannan ya kunna wancan, ba wanda ya yi tsaki. Wata biyu aka yi haka. Wani da bai kai shi ba da ya yi zargin wani abu. Shi kuwa ya gane gaskiyar lamarin nan take: tsarinsa ne ya nuna. Ya ce dama haka manyan ayyuka suke, sai sun ɗan wahalar da jahilai kafin su zauna. Abu ɗaya ne ya dame shi, wani suna da yake gani a wayarsa, Gidan Gaba, mai ƙarfi kamar a cikin gidan yake. Ya yi tir da maƙwabta masu barin rautarsu ta araha tana kwarara cikin gidan mutane, ya ce yana nazarin akwati na takwas da zai toshe ta. Matarsa ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da taka keke.

A wannan tsakanin ne labari ya fito cewa kamfani zai mayar da dukan fayilolinsa cikin kwamfuta, kuma za a buɗe sabon sashe mai shugaba da ofishinsa da kujera mai juyawa. Injiniya bai rubuta takardar nema ba, don a ganinsa neman abin da yake naka ƙasƙanci ne. Sai ya tare Daraktan kamfanin a matakala sau uku, har mutumin ya gaji ya yarda zai biyo ta gidan ya ga aiki da idonsa. Daraktan dattijo ne mai ƙarancin magana, irin waɗanda in ana yi musu bayani suke kallon takalminsu.

Ya zo wata yamma wajen ƙarfe huɗu. Aka ba shi shayi, bai kai ga sha ba aka tashe shi. Suka ratsa falo, inda 'yar take kallon darasi a kwamfutarta, firinta na fitar mata da takardu. Suka wuce ƙofar Inna, ana jin muryarta da ta autanta. Suka matse ta lungun telar, wadda ta tashi ta gaishe shi da almakashi a hannu. Injiniya ya buɗe kwaɗo.

Minti arba'in ya yi yana magana. Ya gabatar da akwatunan ɗaya ɗaya kamar mai gabatar da 'ya'yansa masu digiri. Zafi ya cika ɗakin, fankoki na kuka, Darakta na share wuya da hankici. Da ya ga baƙon ya fara duba agogo, sai ya fito da abin da ya ɓoye don ƙarshe.

“Yallaɓai, magana ba ta kai gani ba. Duk abin da ka wuce a gidan nan, daga karatun yarinya har hirar tsohuwa, a kan wannan ɗaki yake tsaye. Kamar yadda kamfani zai tsaya a kan sashen da za a ba ni. Zan kashe na minti ɗaya. Ka saurara kawai, za ka ji yadda gida yake mutuwa.”

Ya ɗora yatsa a kan babban makunni, ya dubi Darakta, ya danna.

Fankoki suka yi shiru. Fitilu suka mutu. A cikin shirun nan, wanda gidan bai ji irinsa ba tun watanni, komai ya fito tar. Ga muryar malamar 'yar tana bayanin yadda ake auna hawan jini. Ga firinta tana jan takarda. Ga Inna tana tambayar autanta ko yana cin abinci kuwa, ga shi yana amsawa da dariya, muryarsa garau.

Injiniya ya ce wani lokaci abin yakan ɗan ɗauki daƙiƙu. Suka jira. Ya ce akwai ragowar da ke cikin igiya, sai ta ƙare. Suka ƙara jira. Firinta ta gama shafi ta ɗauki wani. Ya zaro wayarsa ya duba, ya ɗaga ta sama da sauri ya nuna wa Darakta cewa ga shi, ta mutu. Gaskiyarsa. Tasa ta mutu. A duk gidan ita kaɗai ce.

Darakta ya fita lungu ya tambayi matar gidan cikin ladabi ko su da wane intanet suke aiki. Ta dubi mijinta, ta ga yadda gumi ya jiƙa masa riga, kuma a gaskiya ta so ta rufa masa asiri. Amma ba ta saba ƙarya ga babba ba. Ta nuna kan firji. Ta faɗi abin da aka yi a taƙaice, da allurar da komai, ta ce wata biyu ke nan.

Dattijon ya tsaya gaban firji ya daɗe yana kallon ɗan akwatin. Ya tambaya ko wadda ta yi aikin tana karɓar na kamfanoni. Telar ta rubuta masa lambar kwastomar a bayan wani guntun takardar awo. Ya ninke ya sa a aljihu, ya gode da shayi, ya tafi. Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya ta ce duk wanda ya kashe injin nan Allah ya yi masa albarka, kada a sake kunnawa.

Kada wani ya ɗauka an karya Injiniya. Manyan mutane ba sa karyewa, fushi suke yi. Ya kwana biyu ba ya magana da kowa a gidan, ya bayyana wa mai aski cewa zagon ƙasa aka yi masa daga cikin gida. Da sanarwa ta fito cewa an ba wata ma'aikaciya daga wani reshe shugabancin sabon sashen, sai ya yanke hukunci mai tsanani. Ya rubuta takardar neman duk hutun da ya tara, wata guda cur, a daidai lokacin da za a fara kwashe fayiloli. Ya gaya wa masinjan ofis cewa shekara goma sha tara shi ke riƙe da ɗakin fayil a kansa, bari su ɗanɗana kwana uku babu shi. Ya ce zai ɗaga waya in sun kira, amma sai ta yi ƙara sau biyar.

Aka sa masa hannu a ranar.

Ya zauna a falo da waya a kan gwiwa. Da yake ba a sake kunna akwatunan ba, da kansa ya je lungu ya tambayi lambar sirrin Gidan Gaba, yana kallon gefe, aka faɗa masa. Kwana uku suka wuce. Mako ya wuce. Ya kira kansa da wayar 'yarsa don ya tabbatar layinsa lafiya. A mako na biyu matarsa ta sa aka kwashe akwatunan aka jera a ƙarƙashin matakala, ta share ɗakinta, ta mayar da kekenta kusa da taga. Bai hana ba, hankalinsa na kan abin da ya fi wannan girma.

Ranar kwana na goma sha tara wayar ta yi ƙara, lambar ofis. Ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan riga, ya yi wa mutanen gida alama da hannu su yi shiru. Ya ƙirga ƙara biyar kamar yadda ya yi alkawari, sannan ya ɗaga, ya yi sallama da muryar mai shirin yafewa.

Masinja ne. Ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya ce aiki na tafiya lafiya lau, har an kusa gama kwashe fayilolin. Ya ce dama sabuwar shugabar ce ta ce a tambaya, tunda ba kowa a teburinsa, ko za a iya ɗaukar fankar da ke kai.